Zaɓen Bindiga da Harsashi Don Farautar Manyan Namun Daji: Tambayoyi da Amsoshi

Na tashi a gidan maharba a kudancin Kano, a wani ƙauye da ake hango duhun Dajin Falgore daga bayan gonakinsa, kuma tun ina yaro nake jin manya suna gardama a kan bindiga a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu bayan sallar la'asar. A 'yan shekarun nan samari sun yawaita kawo mini tambayoyi, wasu saboda sun ga hotunan masu farautar ƙasashen waje a waya, wasu kuma saboda sun gaji bindigar mahaifinsu ba su san iyakar ƙarfinta ba. Waɗanda suka fi maimaituwa ne na tara a nan.

Wace dabba ce babban naman daji, kuma da sauransu a ƙasar Kano da Jigawa?

A bakin maharba, babban nama yana farawa ne daga inda mutum ɗaya ba zai iya saɓa abin da ya kashe ya kai gida ba. Gada da barewa ba su cika wuce kilo 30 ba, saboda haka ƙananan nama ne. Mazo da maraya da gadu suna tsakiya, daga wajen kilo 50 zuwa ɗari da wani abu. Kanki yakan kai kilo 150 ko fiye, gwanki kuwa yakan kusanci kilo 300, daga nan sai ɓauna, wadda ta fi su duka nauyi da haɗari, sai dorina da giwa da ake auna su da tan.

Amma saurayin da yake shirin kashe kuɗinsa ya sani cewa noma da sare itace da farautar da ba ta da ƙa'ida sun kore yawancin waɗannan dabbobi daga ƙasarmu. Abin da mafarautan yau suke dawowa da shi zomo ne da gafiya da zabin daji da makwarwa, sai gada idan an yi sa'a. Ɗan abin da ya rage na manya yana cikin gandun daji, kuma gandu ba wurin harbi ba ne. A shekarar 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da dazuzzuka goma gandun ƙasa, ciki har da Falgore a Kano da Baturiya a yankin Haɗeja. Giwayen da suka fi yawa a Arewa suna Yankari a jihar Bauchi, kuma dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka kafa a 1985 aka yi mata gyara a 2016, ta hana taɓa su.

Me doka ta ce kafin mutum ya riƙe bindigar farauta?

Wannan tambaya ce ya kamata ta zo kafin maganar harsashi, domin a Nijeriya doka ce take fara zaɓar maka bindiga kafin kai ka zaɓa. Dokar makamai ta 1959, wadda har yanzu ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda shugaban ƙasa ne kaɗai yake ba da izinin riƙe su. A ciki akwai bindigogi masu sarrafa kansu, da ƙananan bindigogin hannu, da raifal, wato doguwar bindiga mai jefa ƙwaya ɗaya nesa, irin ta soja mai faɗin baki milimita 7.62 ko milimita 9, ko inci .300 ko .303. Kashi na biyu su ne bindigogin amfanin kai, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda yake ba da lasisinsu, wato mai baki ɗaya da mai baki biyu masu watsa dalma, da raifal ta farauta wadda faɗin bakinta bai faɗa cikin waɗancan lambobi ba, da bindigar iska. Mai watsa dalma da take ɗora wa kanta harsashi, ko wadda ake zuge hannunta ta ɗora wani, dokar ta cire ta daga wannan kashi. Na uku su ne bindigogin ɗuri ta baki, adaka da danginta, waɗanda kwamishinan 'yan sandan jiha yake ba da lasisinsu.

Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, haka nan mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi, da wanda kotu ta kama da laifin ta da hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. Hukuncin riƙe haramtacciyar bindiga ba tare da izini ba yana farawa daga ɗaurin shekara goma. A shekarar 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da sababbin lasisi, saboda haka mai niyya ya fara zuwa hedikwatar 'yan sandan jiharsa, a Bompai ko a Dutse, ya ji halin da ake ciki kafin ya yi ciniki da kowa. A kuma lura cewa katin ƙungiyar mafarauta shaida ce ta zama ɗan ƙungiya kawai, ba ya tsayawa a madadin lasisi.

Mene ne kaliba, kuma me lambobin da ake rubutawa a jikin harsashi suke nufi?

Kaliba ita ce faɗin ramin bututun bindiga. Mutanen Ingila da Amurka suna auna shi da inci, shi ya sa ake ganin .243 ko .270 ko .375, mutanen Jamus da maƙwabtansu kuma da milimita, inda suke haɗa lambobi biyu: 7x57 na nufin faɗin baki milimita 7 da tsawon ƙwanso milimita 57. Wani lokaci lambar ta biyu shekara ce, kamar .30-06 da sojojin Amurka suka fara amfani da ita a 1906. Nauyin ƙwayar harsashi kuwa da giren ake auna shi, kuma giren 7,000 ne suke yin laba ɗaya, don haka ƙwaya mai giren 180 ba ta kai giram 12 ba.

Abin da ya kamata a riƙe a nan shi ne harsasai biyu suna iya zama faɗi ɗaya amma ƙwansonsu ya bambanta, kuma ba sa shiga madadin juna. Sunan da aka buga a jikin bututu shi kaɗai za a saka wa bindiga, harafi da harafi.

Ina bambancin raifal da mai baki biyu da adaka?

Raifal tana da tsagi mai murɗawa a cikin bututunta, wanda yake sa ƙwaya ɗaya ta fita tana juyi kamar mazari, kuma wannan juyi ne yake riƙe ta a kan hanya har mita ɗari biyu ko fiye. Mai baki ɗaya da mai baki biyu irin waɗanda aka sani a ƙauyukanmu cikinsu sumul yake, suna watsa ƙwayoyin dalma masu yawa, kuma ƙarfinsu yana mutuwa da wuri. Mai lamba 12, wadda ta fi yawa, faɗin bakinta wajen milimita 18 da rabi ne. An ba ta wannan suna ne domin dunƙulen dalma goma sha biyu masu cika bakinta su ne laba ɗaya. Da manyan ƙwayoyi tana iya kayar da gada ko gadu a taku talatin zuwa arba'in, bayan nan kuwa rauni kawai take yi. Adaka, wadda wasu suke kira harba-ka-ruga, ita ma cikinta sumul ne, ana ɗura mata albarushi ta baki, harbi ɗaya take yi, kuma ba a samun ɗuri biyu da suka zo daidai da juna.

Adakar da na gada daga mahaifina za ta iya kashe gwanki?

Kakanninmu sun kashe gwanki da ita, har da ɓauna, amma a tuna yadda suka yi. Suna sanin inda dabba take shan ruwa, su kwana a kan bishiya ko su yi rarrafe da cikinsu ta inda iska ba za ta kai warinsu ba, har sai sun ji ƙarar tuƙar dabbar, sannan su ja kunama. Gwanintar tana cikin kusantar, bindigar kuwa aikinta na ƙarshe ne kawai.

Ina ɗan shekara goma sha tara na ƙi bin wannan ƙa'ida, a wani daji da yanzu ya zama gonakin masara. Na hango gwanki namiji a bakin fadama da hantsi, yana tsaye ya ba ni gefe, tsakaninmu ya fi taku saba'in. Mahaifina yana bayana, ya dafa ƙafata alamar in ƙara matsawa, ni kuwa zuciyata tana bugawa, ina tsoron kada ya tashi, sai na harba. Da hayaƙi ya washe muka ga ya ranƙwafa ya shige cikin gamba. A inda ya tsaya muka sami jini baƙi-baƙi haɗe da ɗanyen abin tumbi, mahaifina ya shafa da yatsa ya sansana, bai ce komai ba. Muka bi sawu har rana ta faɗi. Washegari muka same shi a cikin wani kwazazzabo, kura ta riga mu, ta cinye cinya ɗaya da kayan ciki. Na ce, "Baba, ko sauran za mu ɗauka?" Ya ce, "Ɗana, ya kwana ba ka gan shi ba, ba namu ba ne. Ka ba shi wahalar yini da dare, ka ba kura abinci." Ƙahon kaɗai muka cire, kuma har yau yana rataye a zaurenmu.

Amsar tambayar ke nan. Idan ba za ka iya matsawa taku ashirin zuwa talatin ba, adaka ba ta babban nama ba ce.

Idan doka ta yarda, wace kaliba ta dace da matsakaicin nama kamar mazo, maraya ko kanki?

Masu farauta a ƙasashen waje sukan fara ambaton .308 Winchester, wadda ta fito a 1952, da .30-06, kuma sun yi gaskiya domin waɗannan biyu sun isa kusan kowace dabba mai kofato in ban da ɓauna. Sai dai dukansu faɗin bakinsu milimita 7.62 ne, wato inci .300, lambar da dokarmu ta jera cikin na soja. Ɗan Nijeriya ya cire su daga lissafinsa, haka ma .303 ta Ingila da tsofaffin 'yan sandan zamanin Turawa suka riƙe.

Abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Akwai .243 Winchester ta 1955, mai ƙwaya giren 100 da take fita da gudun kusan mita 900 a daƙiƙa. Ba ta shuri sosai, ta dace da gada da barewa da mazo, amma ta yi wa gwanki kaɗan. Akwai .270 Winchester ta 1925, wadda take tafiya miƙe a fili mai nisa, kuma da ƙwaya mai giren 150 tana isar kanki. Sai 7x57 Mauser, wadda aka ƙera tun 1892, kuma ita zan zaɓa da a ce bindiga ɗaya zan mallaka a rayuwata. Ba ta da gudun .270, amma doguwar ƙwayarta mai giren 160 zuwa 175 tana ratsa nama ta yi nisa a ciki, shurinta mai sauƙi ne, kuma dazuzzukanmu na gamba da sabara da geza ba su cika ba mutum harbin da ya wuce mita ɗari da hamsin ba. Manoman Afirka ta Kudu sun shafe fiye da shekara ɗari suna ciyar da iyalansu da ita.

Kafin a ƙulla ciniki kuma a tambayi kai inda za a riƙa samun harsashinta ta halattacciyar hanya, domin raifal da ba ta da harsashi a kantin dila mai lasisi ƙarshenta jingina a lungun ɗaki.

To ɓauna fa, da sauran dabbobi masu kai hari?

Farautar waɗannan ta ƙasashen da suka tsara ta ce, irin su Tanzaniya, Zimbabuwe, Namibiya, Afirka ta Kudu da arewacin Kamaru, inda ake sayen izini na kowace dabba kuma ƙwararren jagora yake tsaye a bayan mai harbi da tasa bindigar. Kenya ta hana irin wannan farauta tun 1977. A waɗannan ƙasashe hukuma ce take yanke mafi ƙanƙantar kalibar da za a ɗauka. Tanzaniya ta tsayar da .375, Zimbabuwe kuwa ta ce kada faɗin ya gaza milimita 9.2 ga giwa da ɓauna da dorina.

Sarauniyar wannan fage ita ce .375 H&H Magnum, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912. Tana jefa ƙwaya mai giren 300, wato fiye da giram 19, da gudun wajen mita 770 a daƙiƙa, kuma abin da ya sa ta daɗe shi ne mutum mai matsakaicin jiki yana iya koyon riƙe ta. Ƙanwarta a ƙarfi ita ce 9.3x62 da maƙerin bindiga Otto Bock ya tsara a Balin a 1905 domin manoman Jamus da suka zauna a Afirka. Sama da su akwai .416 Rigby ta 1911 da .458 Winchester Magnum ta 1956, waɗanda jagorori suka fi riƙewa domin tsayar da dabbar da ta riga ta taso wa mutum.

Dalilin wannan tsanani shi ne halin ɓauna. Fatarta kauri, haƙarƙarinta faɗi, kuma idan ta ji rauni takan shige duhuwa ta tsaya tana jiran mai bin sawunta. Tsofaffin maharbanmu ba sa ambaton ta da wasa, kuma kirarin wanda ya kashe ta daban yake idan ana kiɗan komo.

Na ji an ce wani Bature ya kashe ɗaruruwan giwaye da ƙaramar bindiga. Ashe kaliba ba ta da muhimmanci?

Gaskiya ne, sunansa Bell, mutumin Sikotilan, wanda aka yi wa laƙabi da Karamojo. Ya kashe giwaye fiye da dubu a farkon ƙarni na 20, yawancinsu da 7x57. Amma shi ya tsaga kawunan giwaye ya nazarci inda ƙwaƙwalwa take ta kowace fuska, kuma yana harbi daga kusa ƙwarai da ƙwaya mai tauri. Dokokin yau sun hana abin da ya yi, kuma irin wannan kisa na neman haure yana cikin abin da ya sa jikokinmu ba za su ga giwa ba sai a gandu.

Ba gara in sayi mafi girma ba, don ta isar mini ga komai?

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, kuma yawanci son a gani ne yake jawo shi. Kowace bindiga tana mayar wa kafaɗa wani kaso na ƙarfin da ta tura gaba. Shurin .243 kusan rabin na .30-06 ne, na .375 kuwa ya kusa ninka shi biyu. Mutumin da bindigarsa ta taɓa kumbura masa kafaɗa, jikinsa yana koyon tsoronta ba da saninsa ba, sai ya riƙa runtse ido yana fizgar kunama tun kafin harbi ya tashi, bakin bindigar ya sunkuya, ƙwaya ta sami ƙafa ko tumbi. Ana iya gane wannan a wurin gwaji: aboki ya miƙa maka bindigar wani lokaci da harsashi wani lokaci babu, ba tare da ya faɗa maka ba. Idan ka ja kunama a kan wofi ka ga bakin ya yi ƙasa, to bindigar ta fi ƙarfinka ko kuwa kana bukatar ƙarin koyo.

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ƙwaya ƙarama da ta ratsa huhu biyu tana kayar da kanki cikin 'yan taku, babba kuwa da ta shiga tumbi tana barin sa ya yi yini yana wahala. Nauyin bindigar ma abin dubawa ne, domin mai nauyi tana shanye shuri amma tana gajiyar da wanda zai yini da ita a kafaɗa cikin zafin bazara. Tsawon ƙota kuma ya dace da tsawon hannun mai ita, yadda idan ya ɗaga ta ido rufe ya buɗe zai ga saiti a gabansa ba tare da ya miƙa wuya ba.

Shin irin ƙwayar harsashi tana da tasiri kamar kaliba?

Tana da shi, wani lokaci ma fiye. Ƙwaya mai taushin kai tana buɗewa a cikin nama ta yi faɗi, ta yanke jijiyoyi, dabba ta mutu da wuri, kuma ita ce ta dace da duk mai kofato. Mai tauri wadda ba ta buɗewa an yi ta ne don fasa ƙashi mai kauri kamar kan giwa ko dorina. Harsashin soja mai rufin ƙarfe gaba ɗaya bai dace da farauta ba ko kaɗan, domin yana huda dabba ya fice ta bar wurin da ƙaramin rami, ta je ta mutu a inda ba wanda zai amfana, ga shi kuma mallakarsa laifi ne.

Akwai kuma maganar dalma. Ƙwaya tana farfashewa a cikin nama, kuma dalma guba ce da ta fi cutar da yara ƙanana da masu ciki. Mun ga abin da ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. A yanke naman da ke kewaye da ramin harbi a binne shi, kada a jefa wa karnuka, kuma masu narka dalma don ɗurin adaka su nisanci madafa da wurin wasan yara. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun 2019, ana amfani da na jan ƙarfe.

Mai sakata ko mai baki biyu?

Raifal mai sakata, wadda ake ja mata sakata da hannu ta ɗora sabon harsashi, irin tsarin da kamfanin Mauser na Jamus ya fitar a 1898, ita ce zaɓin mai hankali: sauƙin gyara, jure ƙura, ɗaukar harsashi uku zuwa biyar, da saiti mai kyau. Raifal mai baki biyu tana da saurin harbi na biyu, amma kuɗinta ya fi na gona.

Dole ne in ɗora madubin hangen nesa?

Ba dole ba ne a harbin da bai wuce mita hamsin zuwa saba'in ba, musamman ga mai ƙuruciyar ido. Amfanin madubi shi ne yana nuna maka daidai inda ƙwaya za ta sauka, yana kuma taimakawa da asuba da almuru, lokacin da nama ya fi fitowa. Mai kusanto da abu ninki huɗu ya wadatar a dajinmu. Mai ƙarfi sosai yana ƙuntata abin da ido yake gani, har dabba ta motsa ka neme ta ka rasa. Madubi mai arha yakan kauce daga saiti bayan 'yan harbe-harbe ko bayan tafiya a kan babur, saboda haka a gwada shi a kan takarda kafin kowace fita. Kada kuma a mayar da shi abin leƙen nesa, domin duk abin da ka leƙa da shi ka auna shi da bindiga ke nan, kuma motsin da ka gani a cikin ciyawa yana iya zama ɗan Fulani mai kiwo ko mace mai itace.

Ina ake auna dabba, kuma daga wane nisa?

Idan ta ba ka gefe, ka bi ƙafar gaba da ido zuwa sama har kashi ɗaya cikin uku na kaurin ƙirjinta, nan zuciya da huhu suke. Kai da wuya ƙananan wurare ne masu yawan motsi, kuma kuskure kaɗan yana karya muƙamuƙi dabba ta tsere ta mutu da yunwa. Dabbar da ta ba ka baya a ƙyale ta. Nisan da ya halatta gare ka shi ne wanda kake iya saka harbi biyar a jere cikin faɗin faifai, kana tsaye ko durƙushe kamar yadda za ka yi a daji, da sanda mai baki biyu a matsayin madogara. Kafin ka ja kunama ka san abin da ke bayan dabbar, domin ƙwayar raifal tana iya tafiyar kilomita uku ko fiye, kuma a ƙasarmu da wuya ka yi wannan nisa ba ka tarar da ruga ko gona ba.

Bayan harbi a duba jini. Ja mai haske da kumfa na huhu ne, dabbar tana kusa. Baƙi mai haɗe da abin tumbi yana nufin a dakata, domin idan aka matsa mata za ta tashi ta yi nisa.

Naman da aka harba da bindiga halal ne?

Malaman Malikiyya na baya sun yi fatawa da halaccinsa, domin ƙwayar dalma tana huda jiki ta zubar da jini, kuma hadisin Adiyyu ɗan Hatimu ya bambanta tsakanin abin da makami ya huda da wanda ya buge da faɗinsa. Sharaɗi shi ne ka yi niyya ka ambaci sunan Allah lokacin harbi. Idan ka iske dabbar da sauran rai ka yanka ta, idan kuwa ka iske harbinka ya riga ya kashe ta, ta halatta muddin ba ta kwana ɓace maka ba, kamar yadda ake karantarwa a zaurukanmu. A nan ma an karhanta farautar da aka yi don wasa kawai. Gadu dangin alade ne, Musulmi ba ya cin sa, ana kashe shi ne idan ya addabi gona. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, kuma ya umarci wanda zai kashe ya kyautata kisan. A kan wannan hadisi nake ɗora duk maganar kaliba, domin bindigar da ta yi wa dabba kaɗan da wadda ta fi ƙarfin mai ita duk wahala suke jawo wa abin da aka harba.

Zan iya sayen tsohuwar bindiga, ko ƙirar gida?

Sayen hannu ba ya halatta sai ta hanyar dila mai rajista da sanin 'yan sanda, kuma ƙera bindiga ba da izini ba laifi ne a dokar 1959. Ban da doka, akwai maganar ƙarfe. Bututun ruwa da ake mayarwa bindiga ba a yi shi don ɗaukar matsin albarushi ba, balle maganin harsashin zamani da ya ninka shi ƙarfi. Wani maƙwabcinmu ya yi tuntuɓe a fadama bakin bindigarsa ya caki laka, ya share wajen da hannun riga bai leƙa ciki ba. Da ya harbi zabuwa bututun ya tsage kamar kara, ya tafi da yatsunsa uku na hagu. Har ya rasu da hannu ɗaya yake riƙe fartanya. A tsohuwar raifal a duba tsagin ciki ko ya cinye, a nemi tsatsa mai rami, a duba tsagewa a wuyan ƙota, a kuma tabbatar lambar jikinta ta dace da ta takarda.

Yaya zan yi tafiya da bindiga zuwa farauta a wata jiha?

Da taka-tsantsan mai yawa, kuma idan da hali a haƙura. Ba mu manta da watan Maris na 2025 ba, lokacin da aka tare mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa gida sallah, aka ga bindigoginsu na gargajiya, aka kashe mutum 16, da yawansu 'yan ƙaramar hukumar Bunkure. Allah ya jiƙansu. Babu abin da zai halatta wannan kisa, amma ƙasar tana cikin tsoro kuma mutanen da ba su san mu ba ba sa bambanta maharbi da ɗan fashi. Wanda tafiya ta zama masa dole ya cire ɗuri, ya naɗe bindigar a cikin jaka, harsashi a wata jakar daban, lasisi na asali a aljihunsa. Ya sanar da Sarkin Baka da ofishin 'yan sandan garinsu kafin ya tashi, idan ya isa kuma ya fara gabatar da kansa ga mai gari da 'yan sandan wurin kafin ya taka daji.

Yaya ake kula da ita a yanayinmu?

Hunturu da damina kowanne da irin ɓarnarsa. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da mai ta zama kamar yashi a cikin sakata, saboda haka a lokacin a rage mai, a yawaita gogewa da busasshen tsumma. Da damina kuwa tsatsa tana kama bututu cikin kwana biyu, ƙota ta kumbura ta kautar da saiti, sai a shafa mai kaɗan ciki da waje, a share na cikin kafin harbi. Toka da albarushi yake bari tana jan laima, don haka adaka a wanke ta a ranar da aka harba ta, a busar da ita sosai. Man gyaɗa da man ja suna daskarewa su yi danƙo. Man keken ɗinki ya fi su idan ba a sami na bindiga ba.

Kada a rataye ta da ɗuri a bangon ɗaki kamar yadda aka saba a da, domin gidajenmu cike suke da yara, kuma yaro ɗan shekara bakwai yana iya hawa turmi ya sauko da ita. A kulle ta a akwatin ƙarfe, harsashi da albarushi a wani wurin daban nesa da murhu, makullin kuma ya zauna a jikin mai gida.